Likitan Ɓeraye na Gayam

Da kakar bana yayana Malam Bawa ya cika shekara goma sha huɗu a kabari. Zan faɗi abin da ya shiga tsakaninmu bi da bi, tunda ban faɗa masa ba yana da rai.

Bayan samun mulkin kai ya tafi Zariya, ya sami aiki a wani ɗakin gwajin magunguna. Shi ba likita ba ne. Aikinsa kula da fararen ɓeraye: ya ba su abinci, ya share kejinsu, ya ware waɗanda suka ɗauki ciki. Masu cikin ake ɗura wa magani, in kwanakinsu sun cika a buɗe su a duba 'ya'yan. Ya ce ya ga waɗanda suka fito lafiya, ya ga waɗanda ƙafa ba ta fito musu ba, ya ga waɗanda suka daina girma suka mutu tun a ciki. Da ya dawo garinmu Gayam yana ba da wannan labari, sai aka laƙaba masa Likitan Ɓeraye. Ni ma na kira shi haka.

A shekarar da ya dawo ce mai ɗakina Ladi ta sami cikin fari. Laulayi ya sa ta a gaba, ko ruwa ba ya zama a cikinta. Ranar kasuwar Tsohon Birnin Gwari na sayo mata ƙwayoyi a tire, babu kwali babu takarda. Yaya ya gani ya hana. Ya ce bai san sunan wannan ba, amma ya ga abin da magani yake yi wa ɓeraye masu ciki, gara a kai ta asibiti. A gaban mutane na ce masa mu manoma ne, duk abin da ya cuci ɓera ya taimaki rumbu, kuma matata ba ɓera ba ce. Aka yi dariya.

"Sale," ya ce, "ba uwar nake ji wa ba. Ɗan ɓera da ɗan mutum hanya ɗaya suke bi a ciki. Kai ya fito, hannu ya biyo baya."

Ladi ta sha, amai ya tsaya, na ɗauka na yi nasara.

Da damina ta haifi mace. Hannuwan jaririyar sun tsaya a gwiwar hannu, numfashi da ƙyar. Kwana uku ta yi, ba ta kai suna ba. Yaya ne ya haƙa kabarin. Bai taɓa ce mini ai na faɗa maka ba. Ya ma ce ba zai rantse cewa ƙwayar ce ba, Allah ne masani. Mun ƙara shekara shida gona kusa da gona, kullum ina cewa gobe zan nemi gafararsa. Zazzaɓi ya ɗauke shi cikin kwana biyu.

Da zai ga yau, ransa zai ɓaci: ƙwayoyin tire sun ƙaru, har a cikin mota ake tallansu. Amma zai ji wani abu a Gayam. In mace ta sami ciki aka miƙo mata ƙwayar kasuwa, sai tsofaffi su ƙwace su ce maganin ɓera ne. Yaran matan yanzu sun ɗauka guba ake nufi, ba su san daga ba'ar da muka yi masa kalmar ta fito ba. Ban taɓa gyara musu ba.

Wannan ne ya rage nasa. Nawa kuwa, ƙaramin kabari a bayan gida da maganar da ban faɗa ba. Yaya, kai ne da gaskiya. Allah ya jiƙanka, ya haɗa ka da 'yar da ka binne mini.