Kujerar da Na Ƙi Zama a Kai

A lokacin ina matar aure mai goyon fari a Sukuntuni, Turawa ba su tafi ba tukuna. Ni ce 'yar fari a wurin Inna, ita kuwa Bafulatana ce mai tsananin kunya. Tun da aka yaye ni goggona ta ɗauke ni zuwa Fakuwa. Inna ba ta taɓa kama sunana ba, in na durƙusa gaida ta sai ta kau da kai ta amsa wa bango. Kowa ya san al'ada ce, ni ma na sani, amma wallahi abin yana ci min rai, ga ni da zuciya kamar barkono.

Da bikin ƙanena ya zo muka taru a gidanmu na Kusada. Kawuna, wanda ya yi soja ya ga duniya, ya ɗauko wani mai ɗaukar hoto daga kasuwa, da akwatinsa mai ƙafa uku da baƙin ƙyallen da yake tura kansa ciki. Tsofaffi suka watse, wai abin yana rage kwana. Inna, da ko ƙofar zaure ba ta leƙawa, ita ce ta ce za ta zauna. Ta sa aka ajiye wata kujera 'yar tsuguno kusa da tata, ta aiko goggo ɗakin da nake, wai a ce wa waccan ta fito da yaron.

Kalmar waccan ɗin nan ce ta tunzura ni. Na ce wa goggo ta koma ta faɗa mata ina da suna, in tana so na, ta kira ni da bakinta. Goggo ta yi lallashi, ta yi zagi, ta ce kar in kunyata uwata gaban baƙo. Na ja asabari na yi zamana. Ina jin mai hoton yana faɗa da gurɓatacciyar Hausarsa, wai kar a motsa, sannan na ji ya yi tsaki ya ce tsohuwa ta ɓata masa aiki.

Ban nemi ganin hoton ba. Washegari na koma gidan mijina ban ko yi mata sallama ba. Kafin a yanke geron wannan shekarar zazzaɓi ya ɗauke ta. Bayan sadakar bakwai goggo ta miƙo min ƙunshin tsumma da aka samu a cikin kwallar Inna. Da na kwance, sai ga hoton nan. Ga Inna zaune, hannunta ɗaya a kan kujerar da babu kowa. Fuskar ta yi dishi-dishi, don daidai lokacin da aka ce kar a motsa ta waiwayo tana duban ƙofar ɗakin da nake.

Hotonta ke nan kaɗai a duniya, kuma ni na lalata shi. Na gane cewa matar da ta zauna gaban abin da ake cewa yana rage kwana don ta zauna kusa da ni, ta riga ta kira ni, ni ce ban amsa ba. 'Ya'yan fari, ina roƙonku, kar ku tsaya jiran a kira sunanku, in an aiko ku fito. Yau jikokina suna tambayata kamannin Inna, ba ni da abin nuna musu sai gefen fuskarta.