Cokalin da Na Hana Baba a Ikko

Duk abin da shekaru za su shafe mini a zuciya, ba za su shafe kwana ukun da muka yi da Baba a tsibirin Ikko ba.

Ni ce auta a gidanmu da ke Unguwar Sarki a Kaduna. A lokacin na gama jami'a ina zaman jiran aiki, ba abin da nake yi sai karance-karance da rubuta 'yan waƙoƙin da ba mai ganinsu sai Baba. Shi kuwa ya daɗe da yin ritaya, ciwon suga ya ci jikinsa har ya taɓa ƙoda. Likita ya rubuta takardar abin da zai ci da wanda ba zai ci ba, ni kuma na riƙe takardar nan hannu bibbiyu. Gishiri, suga, wake, nama, mai, duk na tsaya a kansu, har yayyena suka sa mini suna 'yar sandan kicin.

Wata safiya ya ce, "Auta, haɗa jaka. Zan kai ki ki ga inda na yi samartaka." A can ya fara aikin akawu, tun Ikko tana babban birnin ƙasa. Na yi zaton Umma za ta hana, sai na ga ta hau ninke masa kaya. Abin da ta sani ni ban sani ba shi ne likita ya riga ya gaya musu ƙodar ta kusa tsayawa, kwanakin da suka rage ba su da yawa. Baba ya ce kada a gaya wa Auta. Shi sallama ya je yi da garin, ni kuwa na ɗauka yawon buɗe ido ne.

Mun sauka gidan wani ɗan'uwanmu a unguwar Obalende. Kullum da safe nakan shiga kicin ɗinsu in dafa faten acca ba gishiri, in zuba a kula, in rataya, sannan mu fita. Garin ya tafi da hankalina. Ruwa ta kowane gefe, iska mai ɗanɗanon gishiri, kiran salla na tashi a nan ƙararrawar coci na amsawa a can. Cikin layi ɗaya sai ka ji Yarbanci da Hausa da Turanci, ga shagon Bakwara, ga na Ba'indiye. Baba ya nuna mini tsofaffin gidaje masu tagogi kamar bakan gizo, ya ce jikokin bayin da suka dawo daga Barazil ne suka gina su. Tafiyarsa ma ta canza, sai ka ce an rage masa shekara ashirin.

Amma duk inda ƙamshi ya tashi sai ya tsaya. Ya tsaya gaban mai ƙosai da burodi, ya tsaya gaban mai gasa agada da gyaɗa, ya tsaya wajen wani mai tsire Basakkwace har suka yi ta barkwanci. Kowane lokaci sai ya waiwayo ya dube ni, ni kuma in girgiza kai. Ba ya musu. Sai ya yi murmushi ya ce wa mai abincin, "Hukuma ta hana." A lokacin daɗi nake ji, ina ganin ni ce mai tsare masa rai.

Rana ta biyu ya kai ni wani tsohon gida mai bene na katako, inda ya yi haya shekara huɗu. Mai gidan tana nan da ranta, tsohuwa tukuf, Kirista, daga zuriyar waɗancan mutanen Barazil. Iya yake ce mata. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta buga sandarta a ƙasa, ta ce da 'yar Hausarta da ta koya a wajensa, "Malam ɓarawon kifi. Ka tsufa."

"Iya, ɗanɗanawa nake yi in ji ko ya nuna."

"Shekara huɗu kana ɗanɗanawa, bai nuna ba?"

Suka yi ta dariya har da hawaye. Ashe ita ce ke tashinsa sahur da azumi, shi kuma da layya yakan kawo mata cinyar rago. A Juma'ar da ke zuwa kafin bikin Ista kuwa takan aika masa da wani abinci nasu na gado da suke kira firijon: baƙin wake da ake dafawa ya yi luguf, a niƙa, a dama da madarar kwakwa da suga da kanumfari, a ci da garin rogo da miyar kifi. Sau ɗaya ake yinsa a shekara. Baba ya ce tun da ya koma Kaduna bai sake sa shi a baki ba. Iya ta ce, "Ba lokacinsa ba ne, amma ku dawo gobe."

Washegari muka tarar ta sa an shimfiɗa farin ƙyalle a tebur, an fito da kwanukan tangaran da ake ɓoyewa sai ranar biki. Da kanta ta zuba masa. Baba ya yi bisimilla, ya ɗebo, ya ɗaga cokali. Sai na riƙe wuyan hannunsa.

"Baba, wake ne fa. Ga suga, ga kwakwa."

Iya ta ce, "'Yata, cokali ɗaya."

Na ce, "Ki yi haƙuri Iya, ko rabi."

Na ga ya buɗe baki kamar zai yi magana. Yanzu na san maganar da ya haɗiye. Da ya faɗe ta, da na sake shi ya cinye kwanon duka, amma da na san abin da yake ɓoye mini. Sai ya mayar da cokalin a hankali. Ni kuma na buɗe kulata a kan farin ƙyallen Iya, na tura masa faten acca. Tsohuwar ta kau da kai tana kallon taga.

Baba ya turo mini kwanonsa ya ce, "To ke mai waƙa, ci ki gaya mini yadda yake."

Na ci. Na ce masa da farko sanyi ne da santsi, kamar ka taka yashin bakin ruwa da safe, sai zaƙi ya biyo baya a hankali, sannan kanumfari ya zo daga ƙarshe ya ɗan ja harshe, garin rogon kuma yana ƙaras-ƙaras a tsakani. Ya lumshe ido yana gyaɗa kai, yana cin accarsa. Ya ce, "Haka yake. Bai canza ba." Har alfahari na yi da yadda na tsara maganar.

Sati uku da dawowarmu ya kwanta. A barandar asibiti Umma ta gaya mini komai. Sai na fita na nufi kasuwar Kawo. Ban samu baƙin wake ba, na sayi ja, na sayi kwakwa. Na wuni ina dafawa, ina niƙawa, ina tacewa, hawaye na hana ni ganin tukunyar. Da na kai masa, na ɗago kansa na ce, "Baba, ga shi. Ka ci duk yadda kake so."

Ya shinshina, ya yi murmushi. "Hukuma ta sassauta ke nan?" Na kai cokali bakinsa, ya taɓa da leɓe, ya kasa haɗiyewa. A lokacin ko ruwa da ƙyar yake wucewa. Ya ce, "Kada ki yi kuka, Auta. Ai na ci a bakinki ran nan." Bayan kwana biyar Allah ya karɓi abinsa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Kowa ya ce mini ban yi laifi ba, tunda ban sani ba. Na yarda. Amma sau nawa ya waiwayo ya dube ni a titunan nan, ban taɓa tambayarsa me yake so ba, ko me ya sa sai yanzu ya ce a zo. Idona na kan takarda, ba a kan fuskarsa ba. Abin da na koya ke nan: in kana jinyar naka, ka tsare masa lafiya iyakar iyawarka, amma ka riƙa tsayawa kana tambayarsa. Mutum ne kake jinya, ba ciwo ba.