Alhaji Bawa Mai Albasa a Jirgin Ruwa

Duk wanda ya san Alhaji Bawa na kasuwar Aliero ya san ba ya fita sai da albasa guda a aljihu. Mura? Albasa. Ciwon kai? Albasa. To da ita ya shiga jirgin ruwa!

Ɗansa Sanusi, da ke aiki a ƙasar waje, shi ya kai mu yawon kwana biyar cikin wani ƙaramin jirgi mai bin tsibirai. Alhaji ya ce ba zai je ba sai da ni, abokinsa na Jega. Mutumin da ko gulbi bai taɓa tsallakewa ba!

Aka nuna mana ɗakinmu, gado bisa gado, taga kamar faifai. Ya leƙa ya ce, "Wanga ɗaki na ko rumbu? Kai, hau bisa. In ruwa ya shigo ni ka hwara gani, in tashe ka."

Rigar ceton da aka ce a gwada sau ɗaya kuwa, bisa babbar riga ya ɗora ta, bai sake cirewa ba. Da ita yake cin abinci, baƙi suna ta ɗaukarsa hoto yana gyara hula.

Ranar farko ya tayar da la'asar yana fuskantar gabas, ya sallame ya ga rana a gabansa. Ya ja Sanusi har wurin matuƙi.

"Gaya mishi in ya gan ni bisa tabarma ya bar murɗa kan jirgi."

"Baba, hanya ce ta juya."

"Wace hanya? Nuna min ita cikin ruwan ga!"

Matuƙin ya yi dariya har da hawaye. Daga ranar, in zai juya jirgi sai ya aiko a duba ko Alhaji na salla.

Da aka kawo ƙaguwa a faranti ya ture, wai shi ba ya cin kunama ko an dafa. Ya kutsa wurin mai girki, ya ɗaga albasarsu ya shinshina, ya ce, "Wagga ba ta da lahiya." Ya ciro tasa, ya yanka musu kan kifi. Rabi kawai, sauran ya mayar aljihu, don Alhaji ba ya zama babu albasa.

A rana ta uku jiri da amai suka kayar da ni. Ranar ce za a sauka tsibirin da aka ce ana noma, wanda Alhaji ya ƙosa ya ga irin ƙasar nomansa. Kowa ya sauka, shi ya zauna bakin gado yana min fifita.

Na ce, "Alhaji, tahi ka gani mana."

Ya ce, "In na tahi ka mutu, mi za ni ce ma iyalinka? Kwanta, raggo."

Bai ga tsibirin ba, bai kuma taɓa goranta min ba. Allah Ya jiƙan Bawa, Ya yalwata masa makwanci, Ya zaunar da mai jin ƙai a gefensa kamar yadda ya zauna a gefena. Amin.