Bangon Ɗakina a Ofishin Kabo

Ƙit! Wani ɗan ƙara ne, kamar ɗigon ruwa a kwanon sha. Ina tankaɗen garin tuwo na ji shi daga tsohuwar wayar da maigidana ya bar mini. Ba kira, ba saƙo, sai ɗan hoton gajimare a saman fuskar wayar. Daga baya na lura duk sanda 'yata ta ɗauke ni hoto sai wayar ta yi wannan kukan. Ban kawo komai a raina ba.

Maigidan a wani ofis yake aiki a Kabo, kullum daga Gwarzo yake tafiya a babur. Su uku ke amfani da kwamfuta ɗaya ta kan tebur. A kwanakin yana ta mita, wai an sauya musu tsarin ajiya, takardu sun daina zama a cikin kwamfutar, sai da netwok suke saukowa.

Mura ta kwantar da shi, abokin aikinsa, wani dattijo mai barkwanci, ya zo dubiya. Na kai ruwa zaure, muka gaisa ta bayan labule.

"Hajiya, ya mai jiki? Raki dai yake, ko? Af, shuɗin fentin nan na ɗakinki, ina kuka samo shi? Iyalina irinsa suke so."

Ɗakin nan ko ƙannen maigidan ba sa shiga. Kuma a jikin bangon nan yarinyar ta yi ta ɗaukata hoto ranar da aka yi mini kitso, kaina ba ɗankwali.

Na yi ta istigfari, na san zato zunubi ne, amma zuciya ta ƙi kwanciya. Wato maigidan nuna ni yake yi a ofis? Da baƙon ya tafi na tambayi maigidan. Sai ya dafe kai.

"Innalillahi! Asusuna na ajiyar takardu ne a wayar, shi ne kuma a kwamfutar ofis."

Da can takardu kawai kwamfutar take kwasa daga asusun. Sabon tsarin ya haɗa har da hotuna, in an bar kwamfutar ba a taɓa ba sai ta riƙa jero su ɗaya bayan ɗaya.

Washegari da murarsa ya hau babur, ya je ya raba wayar da kwamfutar, ya goge hotunan. Shi na yarda da shi. To amma masinja fa? Masu kawo takarda su tsaya jiran sa hannu fa? Ya ce dattijon ya rantse bango kawai ya kalla. Wa zai ce ba haka ba? A gidan suna in matan abokan aikinsa suka yi mini murmushi, sai in tsaya ina auna shi.

Tun daga nan ko shara zan yi a tsakar gida sai na zura hijabi. Rannan ina wanke-wanke a cikinsa, gumi na zuba, 'yata ta leƙa zaure, ta dawo ta ja mini gefensa.

"Umma, cire mana. Na duba, wallahi ba kowa, mu kaɗai ne."