Majigi a Zauren Baba

Shekarar da ɓarin jikin Baba na hagu ya shanye, likita bai ɓoye mana komai ba. Ya ce in bai riƙa motsa hannun ba, hannun ya tafi ke nan. Baba kuwa wajen taurin kai ba a magana. Ƙwallon robar da aka ba shi ya riƙa matsawa, jikoki ya miƙa wa. Abu ɗaya na san zai miƙar da shi tsaye, wasan golf, wanda ya koya tun yana aikin ofis, abokansa na unguwar Kabara suna yi masa tsiya wai ya girma yana bin ƙwai da sanda.

Sai na ce a kawo masa filin har gida. Ana kafa farin ƙyalle, majigi ya haska hoton fili a kai, mutum ya bugi ƙwallo ta daki ƙyallen, na'ura ta nuna inda ta faɗa. Ɗakunan cikin gida duk a matse suke, a zaure kaɗai sanda za ta juya ba ta taɓa azara ba.

Mai shagon majigi ya ba ni shawarar irin wanda ake ratayawa kusa da ƙyalle, don kada inuwar Baba ta rufe hoton. Ya tambaya ko ɗakin da duhu. Na ce ya dai ba ni wanda ya fi kowanne haske.

Zaurenmu ba a rufe shi da rana. Daga asuba har isha'i duk mai wucewa yana leƙowa ya gai da mai gida. A layinmu, zauren da aka gani a rufe da rana na gidan da mai shi ya rasu ne, magada suka watse.

Da muka kunna majigin, ƙofa a buɗe, hoton ya fito kamar koɗaɗɗiyar atamfa. Na tura ƙofa, sai ga ciyawa shar a jikin ƙyallen. Baba ya miƙe, ya kama sanda da hannu biyu, na hagun yana rawa, ya buga. Na yi murnar da na daɗe ban yi irinta ba.

Muna haka aka ƙwanƙwasa. Wani tsohon maƙwabcinmu ne, yana tambaya daga waje ko lafiya. Baba ya jingine sandar.

"Buɗe ƙofar nan," ya ce da ni. "Ban mutu ba tukuna."

Na roƙe shi ko bayan azahar ne mu riƙa rufewa kaɗan, ya ƙi. Na kawo zancen labule, ya ce shi ba amarya ba ne. Bayan isha'i kuwa magani ya riga ya kwantar da shi. Na ji haushinsa ƙwarai, har yau ma ina ji.

Kafin damina ta zagayo yatsun sun lanƙwashe. Yakan zauna a shimfiɗarsa ƙofa a buɗe, masu gaisuwa suna shigowa. Mutumin da bai taɓa gaisawa da kowa da hannu ɗaya ba, sai ya miƙa na dama ya ce, "A yi haƙuri, Malam, ɗayan ya ƙi."