Ranar da Wendell Yantha ya tare layi da garma

Duk ranar da ƙanƙara ta sauka a garinmu, kafin mai shagon kofi ya buɗe ƙofa, Wendell Yantha ya riga ya tayar da motarsa mai garma a goshi. Aikin da hukumar gari ta ɗauke shi ke nan, ture ƙanƙara daga kan titi, kuma shekara talatin da huɗu ya yi yana yi. In ya gama na hukuma, sai ya zaro wata takarda daga aljihu ya duba. Sunayen gidajen da aka tura mazansu ko matansu yaƙi ne a jiki. Ɗaya bayan ɗaya yake bin su, ya share tun daga bakin titi har gindin matakala, inda garma ba ta shiga ya sauko da shebur. Ba ya ƙwanƙwasa ƙofa, ba ya karɓar kofi, ko hannu ka ɗaga masa ta taga sai ya ga dama yake ɗago kai. A watan nan ya ajiye aiki, gwiwa ta ƙi.

Mu kuwa, mutanen garin nan da ke jikin barikin soja, babu wanda ya kai mu goyon bayan sojoji a baki. Kowace mota da ƙyallen ruwan ɗorawa manne a bayanta. Ran Juma'a duk mu saka jajayen riguna. A filin wasan hoki mu miƙe mu yi tafi har hannu ya yi zafi, mu koma gida muna jin mun sauke nauyi. Abin da ke ba ni haushi, da za ka tambayi rabinmu sunan matar soja ɗaya da ke layinsu, sai an fara sosa kai. Wendell bai taɓa manna komai a motarsa ba, jar rigar ma ba shi da ita, har an yi ta gulmarsa a kan haka.

Kowa a garin nan ya san yadda ake kawo labarin mutuwa. In soja ya faɗi a can, sai a katse duk wayoyin sansaninsu, rediyo ta faɗi cewa an rasa mutum ɗaya ba tare da suna ba, har sai an sanar da iyalinsa. Sanarwar kuma ba ta waya ba ce. Mota ce za ta tsaya a ƙofar gida, hafsa cikin kaki ya fito, Fada, limamin coci, na biye da shi. Tsakanin maganar rediyo da tsayawar motar nan, matan sojoji ba sa ci ba sa sha, suna jikin taga.

A wani hunturu cikin shekarun yaƙin Kandahar ta Afganistan, rediyo ta yi irin wannan magana da ƙarfe bakwai na safe, ta ce sojan daga barikinmu yake. Layin Tamarack kaɗai gida tara ne mazansu ke can. Wendell ya juya garmarsa ya nufi layin, ya hau share ƙofofin tara duka, don bai san a wacce ƙofa motar sanarwa za ta tsaya ba. Gidan farko na Joelle Pigeau ne, tana da cikin wata takwas, mijinta Luc direban motar sulke. Yana wucewa ya ga labulenta a ɗage da hannu ɗaya.

A wannan safiyar ce, cikin duk safiyoyin duniya, Misis Beverly Hatch, shugabar Kwamitin Goyon Bayan Sojoji, ta ga ya dace a je a ƙarfafa wa matan nan gwiwa. Ta dafa taliya da cuku tire tara. Ta ɗauko baƙar motar mijinta, ta saka baƙin kwat saboda ranar jimami ce. Ta biya coci ta ɗauki Fada Lemire. Ta biya ta ɗauki Manjo Pruitt mai ritaya, shi kuma ya ga ladabi ne ya saka kakinsa da lambobin yabo. Mutum uku masu hankali, duk haifaffun garin, babu wanda ya dubi ɗan'uwansa ya ce, tsaya, me muka yi kama da shi?

Wendell ya hango su ta madubi suna karyo kwana a hankali. Ya ja da baya, ya gicciye motar a bakin layi, ya sauke garma ƙasa.

Misis Hatch ta yi oda. Ta ƙara. Ta sauke gilashi ta ce, "Wendell, kauce mana, gidan Joelle za mu fara."

"Ba inda za ku."

"Abinci muka kawo musu."

"Ku kai gida ku ci."

Manjo ya fito yana gyara hula. "Mista Yantha, titin gwamnati ne wannan."

"Manjo, koma cikin mota. Don Allah koma, kafin a gan ka." Wendell ya dubi kujerar bayan motarsu. "Fada, har da kai? Kai fa aka saba ɗauka a irin tafiyar nan."

Fada Lemire ya buɗe baki, ya dubi kakin Manjo, ya dubi baƙar motar, fuskarsa ta canza. Amma Misis Hatch ta riga ta hau faɗa. Ta ce ita shekara shida tana wa sojojin ƙasar nan hidima, ba mai turin ƙanƙara ne zai koya mata kishin ƙasa ba, mutumin da ko ƙyalle ɗaya ya kasa mannawa a mota. Ta ce yau ɗin nan za ta kai ƙararsa.

"Kai ƙarar," in ji Wendell. "Ofishin na bayanki, juyawa kawai za ki yi."

Duk da haka ya makara kaɗan. Joelle ta hango kaki ta saman garma. Ta buɗe ƙofa ta fito da rigar barci, ba takalmi, tana taka ƙanƙara, hannu ɗaya tallafe da ciki, ba ta kuka, tafiya kawai take yi. Wendell, mutumin da ba a taɓa ganin ya yi sauri ba, ya diro daga mota ya tare ta a tsakiyar titi.

"Ba su ba ne, Joelle. Dube ni. Ba su ba ne, Beverly ce, taliya ta kawo."

"Taliya," in ji ta.

"Da cuku."

Ta zauna a ƙasa daɓas. Ya cire kwat ɗinsa ya naɗe mata ƙafafu, ya ɗaga ta ya kai ta har bakin ƙofa. Sauran gidaje takwas ba su ga komai ba sai bayan motarsa. Da ya dawo, Fada ne ya karɓi tuƙin baƙar motar, suka ja da baya.

Wajen ƙarfe sha ɗaya wata mota ta karyo kwana, mai tuƙin yana duba lambobin gidaje. Wani matashin kyaftin ne, da Fadan bariki a gefensa. Wendell bai tambaye su gidan wa ba, ya san ba za su faɗa ba. Ya ɗaga garma ya ba su hanya. Motar ta wuce gidan Joelle, ta wuce na biyu da na uku, ta tsaya a lamba goma sha huɗu, gidan Shauna Doucette. Joelle ta gaya mini daga baya cewa da motar ta wuce ta sai da ta yi dariya ita kaɗai a kicin, kuma har yau kunyar dariyar nan ba ta sake ta ba.

Hukumar gari ta dakatar da Wendell mako guda saboda tare hanya. Takardar na nan a fayil ɗinsa. Babu wanda ya rubuta wa kwamitin ko layi ɗaya.

Wendell, kai ne ka gane abin da muka kasa ganewa da duk tafinmu, cewa wanda ya tafi yaƙi ƙofar gidansa ya bari a hannunmu. Kai ne mai zuwa ba a kira ba, mai tafiya ba a gode ba. Bayan jana'izar mijin Shauna, bayan an naɗe tutar akwatin gawa an miƙa mata, bayan furanni sun bushe mun koma harkokinmu, sunan Shauna ya fita daga jerin kowane kwamiti, tunda ba ta da kowa a bakin daga kuma. Kai ba ka soke shi daga takardarka ba. Hunturu goma sha shida kana share ƙofarta. Ta ce ba ka taɓa yi mata gaisuwar mutuwa ba, ko sau ɗaya, kuma duk garin nan kai kaɗai ne ba ta ɓuya in ta hango.

Asabar da ta wuce muka yi masa walimar ban kwana a ɗakin taro. Ƙanƙarar farko ta bana ta sauka tun safe. Mutum ɗari da wani abu muka hallara, da jawabai, da allon yabo mai sunansa, wanda aka rubuta ba daidai ba. Yana zaune da sandarsa yana ta kallon taga. Ana tsakiyar jawabi na huɗu ya raɗa wa Joelle, "Wa ya je lamba sha huɗu?" Ta duba ɗakin, duk mai ƙarfin riƙe shebur a garin nan yana ciki yana tafa masa.

Mun gode, Wendell, kuma ka yi haƙuri da mu. Ku kuma jama'a, ku bar ƙyallen a motocinku, ba ya cutar da kowa. Amma a Janairu wani rukunin sojoji zai tashi, gida talatin da ɗaya za su rage mutum. Ku nemi sunayensu. Ku yi waya kafin ku tsaya a ƙofar kowa. Joelle ce ta bar walimar ran nan, da takalmin biki a ƙafarta, ta je ta share wa Shauna ƙofa ita kaɗai, kuma ba ita ya kamata ta yi ba.