Sakinatu Ba Ta Ba da Mace

"Ta yi cara, Yaya Sakinatu! Budurwar kazar da kika ba ni ta hau kan turmi ta yi cara!"

Muryar Gwaggo Dado ce, ƙanwar mahaifina, tana tasowa daga bayan katangar da ta raba gidanta da na maƙwabciyarta Sakinatu. Kwana biyu ke nan da na sauka wurinta a Belbeji. Na ajiye ƙoƙon kunu na kasa kunne.

"To ke Dado, ni na halicce ta?" in ji wata murya mai sanyi. "Ɗan tsakon kwana goma, wa ya san cikinsa sai Allah?"

"Ke kin sani! Sau biyar ina ba ki aron kazata, sau biyar kina sallamata da zakara. Ko makaho ne ke zaɓe ai da ya yi kuskure sau ɗaya."

"Kai, baiwar Allah. Zauna ki sha kunu mana."

"Ba na sha!"

Ta sha. Ina jin ƙarar ludayi.

Sakinatu ta haura hamsin. Mijinta Malam Almustafa dillalin raƙuma ne, mutumin da duk dabbar da ba ta kai kafaɗarsa ba bai ɗauke ta dabba ba. Ƴaƴansu sun watse, biyu a Damagaram, ɗaya a Agadas. Shekara tara da suka wuce babbar ƴarta ta aiko mata da zakara ɗaya da kaji uku a kwali, irin waɗanda ake kira burahma: manya kamar talo-talo, ƙafafu lulluɓe da gashi kamar sun sa safa. Kowa ya ce zafin yankin nan na Damargu zai gama da su kafin damina. Ta kafa musu rumfar zana, tana jiƙa buhu tana ratayawa, tana yayyafa wa yashi ruwa da azahar. Sun rayu. Kuma ba ta taɓa barin zakaran gida ya kusance su ba. Wanda ya tsallako katanga yakan koma da saurin da bai zo da shi ba.

Aibinsu ɗaya: nauyi. In burahma ta kwanta kan ƙwai sai ta fasa rabi. Don haka Sakinatu takan ari kazar gida mai kwanci daga maƙwabta, ta zuba mata ƙwai goma. A unguwar, in an ƙyanƙyashe, mai kaza tana da ɗan tsako ɗaya. Sakinatu ba ta taɓa hanawa ba. Takan kai shi da kanta a cikin gefen zane, har da addu'a. Sai dai a shekara tara ɗin nan, gida goma sha wani abu sun samu, kuma duk ɗan tsakon da ta ba su wata huɗu yake yi ya buɗe baki ya yi cara.

Zakara shi kaɗai ba ya ba ka iri. In ya taka kazar gida, abin da za a samu barbarar yanyawa ne, rabin safa, rabin girma. Mai mace ita ke da burahma. A Belbeji kuwa, har zuwa Tarka, mai mace ɗaya ce.

Washegari na shiga gaida Sakinatu. Na same ta durƙushe gaban akurki tana murza dusa da dafaffen ƙwai.

"Inna, wai da gaske ba ki iya gane mace da namiji?"

"Gwaggonki ce ta aiko ki?"

"Ni na aiko kaina."

Ta ɗauki ɗan tsako, ta buɗe fiffikensa da ɗan yatsa, ta kalla bai fi ƙiftawar ido ba, ta sa shi a kwandon dama. Ta ɗauki wani, ta kalla, kwandon hagu.

"Me kike dubawa?"

"Ƙwarƙwata," in ji ta.

Daga baya na ji cewa gashin fiffiken mace yakan riga na namiji fitowa. Amma ba wannan ya tsaya mini a rai ba. Na zauna har hantsi, na ga mata shida sun shigo. Wannan ta zo tambayar ko akwai ƙwai, waccan ta zo nuna kazarta mai mura, wata ta zo ne kawai ta yi mata gorin rowa. Kowacce ta samu tabarma da kunu. Sakinatu tana tsakiya, fuskarta kamar ta amarya. Ban yarda kwaɗayi ne ke sa ta riƙe matan kajin nan ba. Gidan da ƴaƴa suka bari shiru yake yi, ita kuwa ta samo abin da zai hana ƙofarta hutawa.

Ana haka aka yi haihuwa a danginta a Falanko, ta tafi suna na kwana biyu. Ta bar wa Malam Almustafa umarni dalla-dalla: ruwa sau uku, buhu a jiƙe, akurki a rufe. Ranar da ta tafi, wani tsohon amininsa makiyayi, Alhassan, ya sauka daga arewa. Baƙo irin wannan ba a tarbarsa da miyar kuka zalla. Awaki suna daji, mahauta sun tashi. Malam ya leƙa rumfa, ya ga ba zai kunyata kansa da ƙaramin abu ba, ya kama mafi girma. Zakara ɗaya tak Sakinatu ke ajiyewa, don biyu faɗa suke yi. Shi ne ya shiga tukunya.

Ina tsakar gidan Gwaggo lokacin da Sakinatu ta dawo. Babu ihu. Sai muka ji ta ce, a hankali:

"Malam, gashin wane ne wannan a bayan murhu?"

"Ai kaza ce, Sakinatu. Ga su nan da yawa."

"Da raƙumin Alhassan ka yanka mini da mun yi daidai."

Gwaggo Dado ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta suna rawa. Sannan ta juya ta dubi zakaranta na biyar, wanda ke tsaye kan turmi. Huɗun farko tuni an yanka su, sauran gidajen ma duk sun cinye nasu da Sallah. Ƴan tsakin da ke kwando kuwa sai sun yi watanni kafin su amfanu, ga zafi na tafe, kajin za su daina ƙwai. In ba a samu zakara yanzu ba, shekarar ta tafi, wataƙila har da irin.

Kwana uku Sakinatu ta yi tana daurewa. A na huɗu ta yi sallama da safe.

"Dado ƙanwata, ina kwana? Na ce bari in duba lafiyar ɗan nan namu."

"Wane ɗa? Ai budurwa ce, Yaya. Ke kika faɗa."

"Haba Dado."

"Me za ki yi da budurwa? Kina da su takwas."

"Aron sati biyu kawai. In an ƙyanƙyashe kina da ɗan tsako."

"Na ƙoshi da ƴan tsakinki. Mace nake so, babba, wadda na ga ƙwanta da idona. Kuma ni zan zaɓa."

Sakinatu ta dubi zakaran, ta dubi ƙasa. Ta ce akwai wata mai hankali, farar nan. Gwaggo ta ce ta san farar, tun bara ta daina ƙwai. Suka tafi tare da zakaran, ni ina biye. Gwaggo ta kama kaji ɗaya bayan ɗaya, tana auna ƙasusuwan ƙarƙashin wutsiya da yatsu. Wadda yatsu uku suka shige, alamar tana cikin yin ƙwai, ita ta rungume. Sakinatu ta kau da kai kamar ana cire mata haƙori.

Na ɗauka ƙarshen mulkinta ke nan. Gwaggo ma haka ta ɗauka, don har ta fara lissafa wa za ta ba iri da wa za ta hana. Sakinatu ta rako mu da zakaran a hammata, tana shafa masa wuya. A bakin ƙofa ta tsaya, murmushin nan nata ya dawo.

"Af, Dado, na manta. Kada ki haɗa ta da wannan in na maido shi. Wanta ne, uwa ɗaya uba ɗaya, ƴan tsakin za su fito da karkatattun ƙafafu. Wa ya haifi wa a cikin kajin nan, ni kaɗai na sani. Ki shigo gobe da safe mu yi shawara. Ki zo da wuri, kafin kunu ya huce."